Me ya sa tada tsohon kan jirgi mai kwal ke cin shekara 20, kuma ina namu na layin Kaura ya kwana?

Jama'a akwai wani al'amari da na daɗe ina bibiya, yau nake son in warware shi don duk lokacin da na kawo zancenshi a majalisa tambaya ɗaya ake jefo min. Maganar mutanen nan ce da ke haɗa kansu da kansu, ba gwamnati ta sa su ba, ba kamfani ke biyansu ba, su je su sayo mataccen kan jirgin ƙasa irin na da, mai cin kwal yana tafiya da tururi, wanda ya yi shekara 20 ko 30 a fili ruwa na dukanshi rana na dukanshi, su kwance shi har ƙusa ta ƙarshe su sake ɗaura shi har ya hura wuta ya ja taragu. Tambayar kuwa ita ce, toh in dai ƙarfe ne me zai sa aiki ya ci shekara 15 ko 20, bayan makanikin tirela a garejin Gusau cikin sati biyu ya sauke inji ya mayar?

Kuma gaskiya in ka ga irin bayanin da ƙungiyoyin ga ke ba membobinsu a ƙarshen shekara ba za ka ga laifin mai tambaya ba. Shekara guda cur, sai ka ji abin da anka yi shi ne an zare bututan cikin tukunya, an kankare tsatsa an auna kaurin ƙarfe, an aika ƙafafu wani gari a yi musu sabon baki, an tara rabin kuɗin farantin murhu. A hoto ma jirgin ya fi muni fiye da ranar da anka kawo shi, don a lokacin yana tsaye da siffarshi, yanzu kuwa gaɓoɓi ne zube a ƙasa kowace an rubuta mata lamba da alli. Amma wanda ya san aikin ya san irin wagga shekarar ita ce ta ci gaba na gaskiya, fenti da ƙyalli su ake yi a ƙarshe kuma su sunka fi komai sauƙi.

Asalin abin daga Birtaniya ya faro. Tun 1951 wasu masu son jirgi sunka karɓi wani ɗan ƙaramin layi a yankin Wales mai suna Talyllyn da ke gab da mutuwa sunka ci gaba da tafiyar da shi da hannunsu, shi ne layi na farko a duniya da 'yan gayya sunka riƙe. Daga nan a watan Agusta na 1968 hukumar jiragen ƙasar ta sallami tururi gaba ɗaya daga manyan layukanta, dubban kawunan jirgi anka sayar wa masu yankan ƙarfe, galibi ba su daɗe ba anka narke su. Sai Allah ya sa wani babban dillalin gwangwan a garin Barry na yankin Wales, mai suna Dai Woodham, ya sayi guda 297, amma a lokacin yana da tsofaffin taragun kaya birjik waɗanda sun fi sauƙin yankawa kuma sun fi saurin kawo kuɗi, sai ya tura kawunan gefe ya mai da hankali kan taragu. Wanga jinkirin shi ya cece su. Daga 1968 zuwa 1990 ƙungiyoyi sunka riƙa zuwa suna fansa ɗaya bayan ɗaya har guda 213, sama da 100 daga ciki sun sake tafiya da ƙafarsu, wasu kuwa har yau ana kan aikinsu, akwai wanda mutanen da sunka sayo shi sun riga mu gidan gaskiya wasu ne sunka gaji aikin.

Kafin mu zo kan dalilin jinkiri sai mun ga yadda abin ke aiki. A baya inda direba da fayaman ke tsayawa akwai murhu, babban akwatin ƙarfe ne, fayaman na watsa mishi kwal da shebur. Murhun ga a nutse yake cikin ruwa, ruwa ta sama ruwa ta gefe, wuta da hayaƙi kuma suna bi ta cikin bututai masu yawa da sunka ratsa doguwar tukunya cike da ruwa har su fita can gaba. Ruwa ya tafasa, tururi ya taru ba hanyar fita, direba ya buɗe mishi ya tafi silinda ya tura fistin gaba ya dawo ya tura shi baya, fistin ya ja sanda, sanda ta juya ƙafafu. Tururin da ya gama aiki sai a harba shi sama ta bututun hayaƙi, harbawar nan ita ke jawo iska ta ƙara hura wutar, ita ce hucin nan da ake ji yana fita daki-daki in jirgi ya tashi daga tasha. Shikenan fa, ba kuloci ba filogi.

Toh wahalar duka tana cikin tukunyar ga. A gejin da mai faci ke auna iskar taya ya ga 30 ko 35, manyan jiragen nan a kan 200 zuwa 250 suke aiki, kuma ba iska ba ce a ciki, ruwa ne tan-tan wanda zafinshi ya wuce na tafasa nesa ba kusa ba, matsi ne kawai ya danne shi ya hana shi tashi. Ranar da ƙarfe ya tsage matsin ya kuɓuce, kaso mai yawa na ruwan nan zai koma tururi cikin ƙiftawar ido, ruwa kuwa in ya koma tururi yana kumbura sama da sau 1,600. Shi ya sa tukunya in ta fashe takan tumɓuke daga kan shasi gaba ɗaya ta yi sama, mutum biyun da ke tsaye bayanta kuma sai dai a ce Allah ya jiƙansu. Don haka a aikin tukunya babu maganar “ai ƙarfen da sauranshi”, sai an auna.

Aunawar kanta doguwar tafiya ce. Da farko sai an yaye rigar da anka lulluɓe tukunyar da ita don riƙe zafi, a tsofaffin jirage kuwa sau da yawa da asbesto anka yi ta, abin nan da ƙurarshi ke kawo cutar huhu da daji bayan shekaru, dole a kira masu lasisin kwashe shi a biya su, tun ba a taɓa ƙarfe ba kuɗi sun fara fita. Sannan a zare bututai kaf, mutum ya kutsa ciki da fitila yana kankare farin ɓawon nan mai tauri da ruwa ke bari, ana bin faranti taki-taki da na'urar da ke auna kauri da sauti ana rubutawa. Inda tokar kwal ta kwanta ruwan sama ya same ta nan ne ɓarna ta fi yawa, don toka da ruwa in sun haɗu cin ƙarfe suke, sai ka ga faranti daga waje lafiya lau amma rabin kaurinshi ya tafi.

Sai kuma abin da ya fi cin rai, ƙusoshin riƙo. Bangon murhu shimfiɗaɗɗe ne ba zagayayye ba, kuma bango biyu ne, na ciki da na waje, ruwa a tsakani. Shimfiɗaɗɗen ƙarfe ba ya jure irin wanga matsi, zai kumburo, don haka anka ɗinke bangayen biyu da gajerun sanduna masu zare, 'yan inci kaɗan tsakanin wata da wata, a babban jirgi sun haura 1,000. Kowace sai an ƙwanƙwasa ta da guduma an saurara, wadda ta karye a ciki amonta daban ne. In ta mutu sai a huda ta a fitar, a gyara zaren ramin, a sassaƙa sabuwa daidai wanga ramin don ramukan sun riga sun bambanta da juna saboda gyare-gyaren baya, a murɗa ta, sannan mutum ɗaya ya shiga cikin murhu a durƙushe ɗaya yana waje, wanga ya tokare wancan ya daki kan har ya baje. Yanzu ka tuna mutanen nan Asabar da Lahadi kawai suke zuwa don kowa na da aikin da yake ci da iyalinshi. Kwana 104 kenan a shekara in ba wanda ya yi fashi, shekara 15 ta gayya ba ta wuce shekara 6 ta ma'aikacin da ke zuwa kullum ba, kuma su goma sha ne a inda masana'antar da ta ƙera jirgin ke da dubbai. Da ka yi wanga lissafin rabin tambayar ta amsu.

In an gama ba wuta ake fara sawa ba. Ruwan sanyi ake cika tukunyar da shi fal a rufe ko'ina a matsa da famfo har geji ya wuce inda za ta yi aiki sosai, hikimar ita ce ruwan sanyi ba ya matsuwa, in akwai rauni ɗiga kawai zai yi ko ya yi tsartuwa, ba fashewa. Sufeto na tsaye yana bi da fitila. Sai ta ci wagga jarrabawar sannan a hura wuta a hankali, awanni ake ɗauka don kar ƙarfe ya miƙe wani wuri wani wuri yana sanyi, a ga bawul ɗin tsaro ya buɗe daidai inda anka saita shi. Akwai ma wasu 'yan toshe masu dalma a ciki da ake ɗaurawa a rufin murhu, in fayaman ya yi sakaci ruwa ya sauka rufin ya fito fili, dalmar za ta narke tururi ya feso cikin wuta ya faɗakar da su tun kafin rufin ya rufto.

Ga wani abu da yawancin masu kallo ba su sani ba kuma shi ke bayyana tsarin aikin gaba ɗaya. A Birtaniya izinin tukunya ba ya wuce kamar shekara 10, bayan nan dole a sake ciro ta a kwance a duba daga farko, kuma agogon na fara bugawa tun daga gwaji, ko jirgin ya yi tafiya ko yana zaune. Saboda haka ƙungiya mai hankali ba ta gaggawar gama tukunya, sai ta gama ƙasa tukuna, shasi da ƙafafu da silinda da burki, in ba haka ba za ta ƙone shekara 4 ko 5 na izini jirgi na kan katako. Shi ya sa za ka ga tukunya ajiye a gefe an rufe ta da tamfol shekara da shekaru ka ɗauka an yi watsi da ita, alhali lokacinta ne bai yi ba.

Aikin ƙasan ma ba wasa ba ne amma bari in tsaya kan biyu kawai. Bakin ƙafar jirgi, wanda ke taka dogo, zobe ne na ƙarfe daban da ake sakawa, kuma da gangan ake ƙera shi ya ɗan fi ƙafar ƙanƙanta. Sai a kwantar da shi a kewaye shi da wuta ta ko'ina har ya buɗe, a sauko da ƙafar da ƙugiya a zaunar a ciki, yana hucewa ya damƙe ta damƙar da sai dai a yanka. Na biyun shi ne mazaunin da sandar ƙafa ke juyawa a ciki, yawancin tsofaffin jirage ba boris gare su ba, wani farin ƙarfe mai laushi ake narkawa a zuba, a sassaƙa a inji, sannan a shafa shuɗin fenti siriri a jikin sandar a ɗora mazaunin a juya a ɗaga, duk inda shuɗi ya kama nan ne tudu, a sa 'yar wuƙar kankara a ɗebe ɗan abin da bai kai kaurin gashi ba, a sake ɗorawa, a sake ɗagawa, haka haka har shuɗin ya bazu ko'ina daidai. In anka yi ganganci, tafiya kaɗan zai yi zafi ya narke a hanya. Wanga ba a karanta shi a takarda a iya, sai wani ya riƙe hannunka.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya, wata rana bayan la'asar na ce mishi Baba, wai da can da ba na'ura ta yaya kuke gane ƙafar tarago ta tsage? Sai ya jawo wani guntun rodi ya ƙwanƙwasa turken ƙarfen rumfar da muke zaune, ya ɗaga yatsa ya ce in saurara har amon ya ƙare, sannan ya ce ɗana, lafiyayyen ƙarfe jan amo yake, mai ciwo kuwa gajeren amsawa zai yi ya yi shiru. Ya ce jirgi na tsayawa tasha mai guduma zai bi ƙafafu ɗaya bayan ɗaya yana bugawa, yana kuma kai bayan hannunshi jikin akwatin sandar ƙafa ya ji ko ya yi zafi. Irin wanga sanin shi ne ainihin kayan aikin da ke ƙarewa, kuma ba a nan kaɗai ba, a Ingila ma yaron da ya fara aikin share jirgi a 1968 yau ya haura 70.

Kayan gyara kuma babu shagon da za ka je. Kamfanonin da sunka ƙera jiragen nan sun mutu, North British na garin Glasgow wanda ya ƙera wa ƙasashe da yawa har da Najeriya ya rufe tun 1962. Sannan duk jirgin da ya kwana a filin gwangwan abin da ake fara kwashewa shi ne tagulla da jan ƙarfe, famfuna da geji da bututai da usur, don su ke da tsada a kilo. Kowane ɗaya sai an nemo zanenshi na asali in yana nan, in babu a auna na wani jirgi ɗan uwanshi, kafinta ya sassaƙa siffar da katako, a danna cikin yashi a zuba narkakken ƙarfe, a kai inji a gyara. Labarin da ya fi burge ni a nan shi ne na wani jirgi mai suna Duke of Gloucester. A 1954 anka ƙera shi, shekara 8 kawai ya yi aiki anka ajiye shi don ya yi ƙaurin suna wajen cin kwal da rashin tada tururi, anka cire silindojinshi na waje har anka kai ɗaya gidan tarihin kimiyya na Landan, gangar jikin ta ƙare a Barry. 'Yan gayya sunka saye shi a 1974 mutane na cewa ba mai yiwuwa ba ne, sunka zuba sabbin silindoji, kuma garin bin komai daki-daki sai sunka gano kurakurai tun daga masana'anta, ƙofofin da iska ke shiga ƙarƙashin wuta sun yi ƙanƙanta, tsarin bututun hayaƙin ma bai dace da shi ba. Sunka gyara, a 1986 ya tashi, ya kuma yi ƙarfin da bai taɓa yi ba a hannun hukuma. Wallahi duk lokacin da na tuna wanga sai in ji tsigar jikina ta tashi, jirgin da anka yanke wa hukunci ashe shaƙe shi anka yi tun ranar haihuwa.

Sai kuɗi. A nan misalin da kowa ke kawowa shi ne wani kan jirgi na Birtaniya mai suna Tornado. Irinshi guda 49 anka ƙera kuma zuwa 1966 duk an yanka su ba a bar ko ɗaya ba, sai wasu mutane sunka kafa ƙungiya a 1990 sunka ce za su ƙera na 50 daga zane. Sunka kwafo zanukan daga gidan tarihin jirage na York, anka fara yankan ƙarfe a 1994, anka haɗa shi a Darlington, tukunyar kuwa sai a Meiningen ta Jamus anka samu masu iya ƙera ta, a 2008 ya fara tafiya bayan ya ci wajen fam miliyan 3, a 2017 har ya yi gudun mil 100 a awa. Abin lura shi ne yadda sunka tara kuɗin, ginshiƙin shi ne talakawan membobi da kowa ya yi alkawarin ɗan abin da bai fi kuɗin kofin abin sha ɗaya a sati ba, amma ba fashi, wata bayan wata shekara bayan shekara. Amfanin haka shi ne ma'aji ya san abin da zai shigo watan gobe da na baɗi, zai iya zuwa wurin masu zubi ya sa hannu a kan aikin da sai bayan shekara 2 za a gama biya. Gudummawar attajiri ta rana ɗaya tana da daɗi amma ba a iya tsara aikin shekara 18 a kanta. Kuma kar ka ce hukuma ce za ta fi sauri, Flying Scotsman da ya fi kowane jirgi suna, gidan tarihin jiragen nan na York, wanda na gwamnati ne, shi ya saye shi a 2004, anka fara gyara a 2006 da zaton ɗan lokaci ne, ana buɗewa ana tarar da tsaga a inda ba a zata ba, sai 2016 ya fito bayan an kashe sama da fam miliyan 4. Tsohon jirgi ba a sanin kuɗin gyaranshi sai an buɗe cikinshi.

Ba duka injiniyoyi ne ke aikin ba fa, akwai malamin makaranta da akanta da direban bas, wani abin da ya iya kawai kankare tsatsa, wata ita ke riƙe littafin kuɗi, wani shayi yake sayarwa a ranar da baƙi ke zuwa kallo kuɗin ya shiga asusu. Yaro in ya shigo daga goge-goge yake farawa, ya daɗe kafin a ba shi shebur, ya ƙara daɗewa kafin ya zama direba. Suna faɗa kuma sosai, har kan launin fentin da za a shafa ana iya raba gari.

Kar wani ya ce ai wannan harkar Turawa ce masu cin yau da na gobe. Eritiriya bayan ta samu 'yanci a 1993 ta tarar da layinta na Massawa zuwa Asmara yaƙi ya tarwatsa shi, sai anka kira tsofaffin ma'aikatan da sunka daɗe da ritaya, dattawa masu furfura, sunka dawo sunka tada kawunan jirgin da Italiya ta ƙera tun shekarun 1930, anka tattaro dogo anka shimfiɗa, zuwa 2003 jirgi ya sake hawa dutsen nan har Asmara. A Saliyo kuma da anka rufe reluwe a tsakiyar shekarun 1970 wasu kawuna da taragu sunka tsira a cikin tsohon wurin gyara na Cline Town a Firitawun, sunka tsallake yaƙin basasa a nan, a 2005 anka buɗe wurin a matsayin gidan tarihi. Rufin kwano da ƙofa mai kwaɗo su sunka yi wanga aikin.

Toh mu dawo gida. Jirgi ya isa Kano a 1911, reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau kuma ya ƙare a Kaura Namoda a 1929, nan ne ƙarshen dogo ta wanga ɓangaren har yau, Sakkwato da Kebbi bai kai musu ba, kayansu sai an kawo su nan a loda. Ba don son mu Turawa sunka shimfiɗa shi ba, gyaɗa da auduga da fatu suke so su kai teku, kuma da gumin kakanninmu anka yi dogon Arewa, wani wurin ma da aikin tilas. Amma duk da haka shi ya buɗe Gusau ta zama garin kasuwanci da injin gurzar auduga da baƙi daga ko'ina, shi ya sa sunan Kaura ya shiga taswira. Ka duba nisan da kwal ɗin ke yi ma, a Inugu anka gano shi a 1909, daga can ake jawo shi ta Makurɗi da Kafanchan da Kaduna da Zariya kafin ya zo murhun jirgin da zai shigo Zamfara. Daga 1948 anka fara kawo wasu kawuna da anka ƙera musamman don Najeriya anka sa musu sunayen kogunanmu, ƙirar ta yi kyau har anka ɗauke ta anka yi wa Gabashin Afirka irinta. Hukumar jiragen ƙasa ta yanzu an kafa ta a 1955, a wancan lokacin dizal ya fara shigowa, a hankali tururi ya ja baya har ya ɓace. Abin da ya tsira kaɗan ne, akwai ɗan ƙaramin kan jirgin layin Wushishi na farkon zamanin Turawa da ke ajiye a tashar Minna, akwai kayan ƙaramin layin Zariya zuwa Jos da anka rufe a 1957 a gidan tarihi na Jos, a Legas kuma ƙungiyar sa-kai ta Legacy ta gyara wani tsohon gidan reluwe na 1898 a Ebute Metta ta mai da shi gidan tarihi.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiya, mutane ba su iya zuwa gona, ana ɗaukar mutane a hanya, kai kana zancen tsohon ƙarfe. Ban ce a ɗauki ko sisi daga kuɗin tsaro ko asibiti ba, kuma ni kaina ba zan goyi bayan wanda zai zo yau ya ce a tara kuɗi a hura wa kan jirgi wuta a Zamfara ba. Ko an tada shi sai an samu lafiyayyen dogo mai faɗin ƙafa 3 da inci 6 irin na da, sabon layin Abuja zuwa Kaduna ya fi shi faɗi ba zai hau ba, sai kwal, sai sufeton tukunya, sai kuɗin sake kwancewa bayan shekara 10. Amma matsalar ita ce ƙarfe da tsofaffi ba za su jira a samu zaman lafiya ba. Kowa na jin labarin tireloli da ake kamawa maƙare da dogon da anka yanka, abin da ya shiga tanderun narka ƙarfe kuwa ya tafi kenan, haka dattijon da anka kai makwanci da abin da ke kanshi.

Gyara iri biyu ne, akwai na tafiya akwai na ajiya, kuma duk wanda ya tashi a Barry sai da ya fara tsira daga wuƙa tukuna. Na ajiyar shi ne daidai ƙarfinmu. Kayan nan duka na hukumar jiragen ƙasa ne, ba wanda zai taɓa ko ƙusa sai da izininta a rubuce, akwai kuma hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da ke da ikon sa wuri cikin abubuwan da doka ta kare, sannan tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi ma sun samu hurumi a harkar reluwe, don haka ƙungiyar da ta yi rajista tana da ƙofofin da za ta ƙwanƙwasa. Hannu kuma muna da shi, ga maƙera ga 'yan walda ga masu zubin tukwane da sunka san aikin yashi, ga ɗaliban injiniya na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Kaura tun 1983, waɗanda auna tsohon ƙarfe da zana shi zai iya zama aikin kammala karatunsu. A fara da bin tashar Gusau da ta Kaura da ƙananan da ke tsakani inda hanya ta ba da dama, a ɗauki hoton duk abin da ya rage a rubuta lambar da ke jikinshi da inda yake, don abin da ke cikin rajista ya fi wuyar ɓacewa cikin dare. In an samu kan jirgi ko tarago ko tankin ruwa ko sikeli, aikin farko ba fenti ba ne, a kwashe toka da ƙasar da ta taru a ciki, a toshe bakin bututun hayaƙi kar ruwan damina ya shiga, a shafe sanduna da giris, a ɗora rufi, in an ga farin abu mai kama da auduga a jikin tukunya kuma kar kowa ya taɓa shi sai masana sun zo.

Wanda ba ya buƙatar izinin kowa kuwa shi ne na dattawan. Duk mai kaka ko maƙwabci da ya yi direba ko fayaman ko gyaran dogo ko aikin tasha, ya je ya gaishe shi ya nemi yardarshi ya kunna rikodin waya. A tambaye shi a ina ake shan ruwa tsakanin Zariya da Kaura, awa nawa ake ɗauka ana hura wuta kafin a tashi, wace gangara ce ke ba su wahala in an lodo gyaɗa, me suke kiran kowane ƙarfe da bakinsu, sannan in yana da tsohon hoto ko katin aiki ko takardar ritaya a ɗauki hotonsu gaba da baya a mayar mishi da abinshi a hannu.